Ranar da Aka Ɗaga Murfin Kwalbati

Ranar da takardar ta iso, Anti Tela sai da ta tashi daga kan keken ɗinki ta taka rawa a tsakiyar shago, tef ɗin awo yana lilo a wuyanta. Wata biyar ƙungiyar tsaftar layinsu, wadda ita ce shugabarta, tana jiran amsa daga ma'aikatar muhalli. Sun cike fom an dawo musu da shi, wai babu hatimi. Sun yi hatimi an sake dawo da shi, wai hoton magudanar bai fito ba. Har ta fara cewa mutanen nan wasa da hankali kawai suke yi. Yau ga shi a rubuce ɓaro-ɓaro: an saka su cikin ƙungiyoyin unguwa da gwamnati za ta ba tallafin kwashe shara da wayar da kan jama'a. Baro, shebur, manjagara, safar hannu, dogayen takalman roba, manyan durom na zuba shara, har da babur mai ƙafa uku na kwashewa.

"Alhamdu lillahi," ta ce, ta sake cewa, ta kuma cewa. Sannan ta juya shafi na biyu.

Da ma ta fara da shi, da ba ta ɓata rawarta ba. Sharaɗi ɗaya ya rage, in ji takardar. Ranar Asabar jami'a za ta zo. Za a buɗe magudanar da ƙungiya ta ce ita ce matsalarta, a fito da abin da ke ciki, a baje a kan tamfol, a ware shi iri-iri a gaban jama'a, don a san wace irin shara ce kuma daga ina take fitowa. Sai jami'ar ta gamsu za ta sa hannu.

Anti Tela ta koma kan kujera a hankali.

To, bari in gaya muku abin da ita ba za ta gaya muku ba. A bayan shagonta kwalbatin layin ya ratsa, kuma murfin simintinsa ya gutsure a kusurwa ɗaya, ya bar rami daidai shigar leda. Shekara bakwai cur, duk mako, Anti Tela takan tattara ƙyallayen da suka zuba a ƙarƙashin teburin yanka, ta cusa a leda ta ƙulle. Da safe in ta zo buɗe shago sai ta dubi dama ta dubi hagu, ta saki ledar a bakin ramin, ta tura da ƙafa kamar ba ita ba. Ƙyalle ne fa, haka take gaya wa kanta, ruwa zai tafi da shi. Ruwan kuwa duk damina sai ya tsaya, ya kumbura, ya shiga shagunan mutane har da nata, ita ce ma kan gaba wajen tsine wa masu zuba shara.

Ta daina, wannan gaskiya ne. Tun ranar da aka kafa ƙungiya aka ba ta shugabanci ba ta sake jefa ko zare ba. Sai dai daga ranar ta zama abin tsoro a layin. Da ma can bakinta ba ya ajiya, balle yanzu da ta samu muƙami. In ta ga ka yar da ɓawon ayaba, sai ka gwammace ka haɗiye shi. Wanda ya fi kowa shan wuya a hannunta shi ne Mai Aski, wanda shagonsa ke tsallaken hanyar da ta bi ta bayan shagonta. Ta kama shi yana share gashi zuwa cikin kwata, ta ɗauki hotonsa, ta tura a zauren ƙungiya na waya, ta rubuta a ƙasa: "Ga maƙiyin layinmu." Har surukinsa ya gani. Wata biyu ke nan gaisuwa ce kawai tsakaninsu, ita ma da ƙyar.

Ba wannan ne kaɗai ba. A cikin fom ɗin neman tallafi akwai wurin da aka tambayi abin da ke toshe magudanar. Da hannunta ta rubuta cewa mutanen saman unguwa ne ke zuba shara, ruwa ya kawo musu. Ta sa hannu, ta danna hatimi. In jami'a ta gane shugabar ƙungiya ce ta toshe kwalbatin kuma ta yi ƙarya a takardar gwamnati, shi ke nan, tallafi ya tafi, mutuncin Anti Tela ya bi shi.

Ranar Juma'a da safe ta ari manjagara ta zagaya bayan shago. Ta durƙusa, ta zura ta cikin ramin har kafaɗarta. Haƙoran suka kama wani abu mai nauyi. Ta ja, ko gezau. Ta dafa ƙafa a bango ta ja da ƙarfin tsiya, sai ga ta zaune daɓas a ƙasa da sanda a hannu, kan manjagarar ya zauna a ciki.

"La ilaha illallahu! Ku fito ku ga shugaba!"

Gwaggo ce, tsohuwar da ta fi kowa daɗewa a layin, kuma tsohuwar mai kawo wa Anti Tela ɗinki. Tana tsaye da sandarta tana tafa hannu.

"Ku fito ku ga inda ake shugabanci! Ko gari bai gama wayewa ba tana cikin kwata saboda mu. Allah ya yi miki albarka, 'yar nan."

Kafin ka ce me, mutane sun taru, ana yabo ana ɗaukar hoto. Mai Kemis, sakataren ƙungiya, ya zo da gudu yana cewa don Allah Shugaba ta bari, takarda ta ce kada a taɓa komai sai jami'a ta zo. Anti Tela ta miƙe tana kakkaɓe zani, tana murmushin dole. Ranar ta ɗinke hannun riga a baibai har sau biyu.

Asabar da hantsi jami'ar ta iso. Yarinya ce siririya, ba za ta wuce sa'ar ƙanwar Anti Tela ba, da takalman roba a ƙafa da allon takardu a hannu. An kawo mata kujera ta ce ta gode, ba zama ta zo yi ba. Aka shimfiɗa tamfol a bakin hanya. Maza shida suka zura ƙarafa a ƙarƙashin murfin, suka haɗa baki, ɗaya, biyu, uku, suka kifar da shi. Warin da ya taso sai da ya mayar da taron baya taku biyar.

Mai Aski ne ya fara shiga, ruwan baƙi har gwiwarsa. Yana ɗebowa yana miƙowa, ana warewa. Ledojin ruwa tuli guda. Robobin lemo tuli guda. Gwangwanaye, kunzugun jarirai, warin takalmi, kan manjagarar jiya, wanda Mai Kemis ya ɗaga sama aka yi wa Shugaba tafi. Anti Tela tana tsaye kusa da jami'ar, hannu a safa, tana addu'a a zuci. Shekara bakwai ai ba kwana bakwai ba ne, watakila sun ruɓe. Ita da ta fi kowa sanin yadin zamani rabinsa roba ne, ko wuta sai dai ta narkar da shi, amma mai neman tsira ba abin da ba ya gaya wa kansa.

"Ga uban toshiyar nan!" Mai Aski ya yi kira daga ƙasa. "Ku miƙo igiya."

Aka ɗaura, aka ja. Abin ya fito a hankali yana tsiyayar da laka, dunƙule guda, girmansa ya kai katifa. Ledojin sun fashe sun manne da juna, komai baƙi ƙirin. Anti Tela ta ji ɗan sanyi a ranta. A haka dai wa zai gane mene ne?

"A watsa masa ruwa," in ji jami'ar.

Bokiti na farko bai nuna komai ba. Na biyu ya fito da ja. Na uku ya fito da shuɗi, da ruwan ɗorawa, da kore mai zanen fure, da leshi mai duwatsu yana walƙiya a rana kamar yau aka yanko shi.

Gwaggo ta matso, ta sa sandarta ta ɗago wani ƙyalle, ta kawo shi kusa da ido.

"Wannan ai yadina ne," ta ce. "Mai ganye. Na bara waccan."

Jami'ar ta duba fom ɗin da ke kan allonta, ta bi layin da biro.

"An rubuta nan cewa daga saman unguwa ruwa ke kawowa. Akwai masu ɗinki a can saman?"

Mai Aski ya fito daga kwalbatin, laka har cinya, ya tsaya daidai gaban Anti Tela. Ta dube shi, ya dube ta. Wayarsa tana nan a aljihun gaban rigarsa, tana hango kan wayar ya leƙo. Ta jira ya zaro ya ɗauki hotonta. Sai kawai ya sunkuya yana cire takalmi.

Wannan shirun nasa ne ya gama da ita. Da ya yi magana, da ta san yadda za ta yi da shi, don ba a taɓa kayar da ita a cacar baki ba. Amma mutum ya samu wuƙa a hannu ya ƙi yanka ka, ina za ka sa kanka?

"Ranki ya daɗe," ta ce, muryarta ta fito siririya kamar ba tata ba. "Babu ruwan mutanen sama. Nawa ne. Ni na zuba, shekara bakwai, ta wancan ramin. Abin da na rubuta a takardar nan ba gaskiya ba ne. In cirewa ce, ni za ki cire, ki bar wa bayin Allah ƙungiyarsu. Su ba su san komai ba."

Abin mamaki, tana rufe baki ta ji numfashinta ya sauka har ciki. Kwana uku ke nan ba ta shaƙi iska ta kai mata can ba. Kunya tana nan, kamar ƙasa ta tsage ta shige, amma nauyin ya tafi, irin yadda mutum kan ji in ya sauke bokitin da ya ɗauko daga nesa. Ta tsaya tana jiran duk abin da zai biyo baya.

Abin da ya biyo baya ba shi ta zata ba. Gwaggo ta riga ta jefar da sanda ta kama ƙyallen da hannu biyu tana warwarewa. Ya warware, ya ƙara warwarewa, ya kai tsawon hannunta ya wuce.

"Ke yarinyar nan!" Gwaggo ta daka tsawa. "Ba ke kika ce min yadin bai isa a fitar da ɗankwali ba? Wannan fa? Wannan ai har da na jikata zai fita!"

Tabɗi! Sai mata suka yi caa a kan tulin, aka manta da wari. Kowa tana tono nata. Wannan ta ce ga leshin da aka ce mata ya ƙare tas. Waccan ta ce yanzu ta gane dalilin da hannun rigarta ya tsaya a gwiwar hannu. Wata ta ɗago shuɗin yadin makarantar 'yarta, wadda yanzu har ta yi aure, ta fashe da dariya har da hawaye. Dariyar ta kama kowa, har mazan da ke riƙe da igiya.

Mai Kemis ya so ya yi wa'azi. Ya gyara murya ya ce gaskiya wannan abin takaici ne, shugaba guda. Bai kai ƙarshe ba wani ya juye shebur a gabansa, sai ga fankon katin magani sun zubo kamar an zazzage buhu, da kwalaben allura.

"Sakatare," in ji Anti Tela, don bakin ya fara dawowa, "waɗannan ma ni na ɗinka su?"

Daga nan fa aka shiga tonon silili. Gwangwanin madara cike da tsofaffin reza, kowa ya juya ya kalli Mai Aski, ya ɗaga hannu biyu sama. Tsummokara masu baƙin mai da matatar inji, makaniken layin ya ce ai ba shi kaɗai ke gyaran mota a duniya ba, aka ce masa amma shi kaɗai ne a layin. Kunzugun jarirai kuwa aka rasa wanda zai fara zargin wani, don babu gidan da ya tsira. Jami'ar kuwa tana tsaye a gefe. Rubutu kawai take yi, ta cika shafi ta juya, ta cika ta juya.

Da hayaniya ta lafa, ta yafito Anti Tela zuwa gefen motar da ta zo da ita.

"Shugaba, unguwa goma sha ɗaya na je kafin nan," ta ce. "Kowacce sai ta ce ruwa ne ya kawo musu daga saman unguwa. Na je saman, su ma suka ce ruwa ne ya kawo musu. Wallahi har na fara tunanin daga gajimare leda ke zubowa. Rabin tallafin nan na koyarwa ne. Wa za a koya wa in sharar ba ta da mai ita? Yau ne na fara cike wannan shafin."

Ta nuna mata. Ƙyalle, tela. Reza, mai aski. Katin magani, kemis. Haka har ƙasa.

"Amma ki saurare ni da kyau. Ƙarya a takardar gwamnati, kada a kuma. Da wani abokin aikina aka turo, da tuni ya rufe fayil ɗinku ya shiga mota."

"Ba za a kuma ba, ranki ya daɗe."

Jami'ar ta ja layi a kan tsohuwar amsar, ta miƙa mata biro. Anti Tela ta ɗora allon a kan bonet ɗin motar ta rubuta gaskiya da hannunta, ta sa hannu a gefe. Jami'ar ta ce za ta ƙara musu durom ɗaya na ƙyalle zalla, akwai masu cusa matashin kai da ke nema ido rufe, za ta haɗa su. Reza da allura kuma kwali na musamman ake sa su, ba durom ba, wannan shi ne darasin farko da za a koyar, shago-shago. Sannan ta rattaba hannu a ƙasan takardar, ta danna hatimi, ta ce kayan za su iso cikin sati biyu.

Anti Tela ta jingina da motar. Ta yi ta jera hamdala. Can baya aka ji ihu: ruwan da ya shekara a tsaye ya motsa, yana bin kwalbatin da gudu, mutane suna bin sa a gefe suna kallo kamar ba su taɓa ganin ruwa yana tafiya ba.

Bayan la'asar, ta yi wanka ta canja kaya, ta tsallaka hanya. Mai Aski yana wanke injin askinsa, babu kowa a kan kujera. Ta tsaya a bakin ƙofa, ita da ba ta saba neman izinin shiga ko'ina ba.

"Shigo mana, Anti."

Ta shiga ta zauna a bencin jira. Ta zaro waya, ta goge hoton nan a gabansa, ta nuna masa.

"Na zalunce ka, ƙanena. Ka yafe min. Gobe a taro ma zan faɗa."

"Ya wuce, Anti. Ai na zuba gashin, ba ƙarya kika yi min ba."

"To, me ya hana ka rama ɗazu? Ka samu dama a hannu."

Ya ajiye injin, ya dube ta ta madubi, yana ƙoƙarin danne dariya.

"In rama da me? Anti, zauna a kujerar nan ki kalli waje."

Ta zauna a kujerar askin, ta kalli ƙofa. Ga bayan shagonta nan tsaf, ga inda ramin yake, kamar an saka a talabijin.

"Kullum ina riga ki buɗe shago," in ji shi. "Kina duba dama, kina duba hagu. Ba ki taɓa duba gabanki ba."

"Kana nufin ka sani?"

"Ni kaɗai? Duk wanda ya taɓa yin askin safe a nan ya sani. Matansu sun sani. Gwaggo ta sani tun shekarar farko."

Anti Tela ta dafe ƙirji. "Gwaggon da ta tara min jama'a jiya tana sa min albarka?"

"Ita fa. Ta ce in aka bar ki kika fito da su a ɓoye, ba za ki taɓa hutawa ba."

"To, kun sani, don me kuka zaɓe ni shugaba?"

Mai Aski ya sosa ƙeya.

"Anti, tsakani da Allah, wa zai iya tarar ki ya ce ki daina, ya kwana lafiya? Mun zauna, ni da Mai Kemis da makanike, kowa ya ce ba shi ba. Sai Gwaggo ta ce ku bar wahalar da kanku, ku ba ta shugabanci. Muka ba ki ranar Lahadi. Litinin da safe ina nan zaune, na ga kin fito da leda, kin tsaya a bakin ramin, kin daɗe, kin koma da ita ciki."

Anti Tela ta jingina da kujerar. Wata biyar tana yawo a layin nan da ƙirji a gaba, tana zare wa mutane ido, ashe kowa kallonta kawai yake yi yana haƙuri da ita. Ta so ta ji haushi, ta lalubo shi ta rasa. Babu sauran abin ɓoyewa, kuma ashe da ma can babu. Dariya ta taso mata tun daga ciki, ta yi ta yi har kujerar askin tana juyawa da ita, tana share ido da bakin mayafi.

"Amma ku mugaye ne," ta ce. "Wallahi ku mugaye ne, dukanku."

"To, Shugaba, taron gobe ƙarfe nawa?"

"Ƙarfe huɗu. Kuma ka zo da gwangwanin rezarka, da kai za a fara."